Adana Sakamakon Manhaja a Fayil: Nazari a kan Laburaren shelve

Gabatarwa

Sau da yawa manhaja kan maimaita aikin da ta riga ta yi, kamar sauko da shafi ɗaya daga intanet ko ƙirga kalmomin littafi guda. Domin kauce wa wannan ɓarnar lokaci, akan tanadi ma'ajiyar wucin gadi, a ajiye sakamakon farko a riƙa ɗaukowa. Sai dai idan ma'ajiyar tana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da zarar an rufe manhaja komai ya ɓace. Shi ya sa ake ajiyewa a fayil.

Yadda shelve Yake Aiki

Laburaren shelve yana zuwa ne tare da harshen Python, ba sai an sauke shi daban ba. Yakan mayar da fayil tamkar ƙamus, kowane bayani da makullinsa. Wajibi ne makullin ya kasance rubutu, amma abin ajiyewa yana iya zama lamba, jeri ko wani ƙamus, domin laburaren pickle ne yake sarrafa shi kafin a rubuta.

Aikin mataki uku ne. Manhaja za ta nemi makulli a fayil. Idan ta samu, sai ta ɗauki sakamakon. Idan babu, sai ta yi lissafin, ta ajiye, sannan ta rufe fayil domin rubutun ya tabbata.

Matsalar Tsohon Sakamako

Babban haɗarin shi ne, shelve bai san lokacin da bayani ya tsufa ba. A ce mai bincike ya ƙirga kalmomin wani matani da sunan fayil a matsayin makulli, daga baya ya gyara matanin. Manhajar za ta ci gaba da ba shi tsohon adadi ba tare da gargaɗi ba, har kuskuren ya shiga kundin bincikensa. Maganin wannan shi ne a sanya lokacin gyaran matani na ƙarshe a cikin makulli, ta yadda kowane gyara zai tilasta sabon lissafi.

Haka kuma, bai kamata manhajoji biyu su yi rubutu a fayil ɗaya lokaci guda ba, domin shelve bai tanadi kariya daga hakan ba. Sannan kada a buɗe fayil ɗin da ba a san asalinsa ba, saboda pickle yana iya aiwatar da umarnin da aka ɓoye a ciki.

Kammalawa

Ga ƙaramin aikin mutum ɗaya, shelve ya wadatar, muddin an tsara makulli da kyau. Idan ana buƙatar wa'adin ƙarewar bayani ko aikin manhajoji da yawa tare, laburaren diskcache, wanda yake amfani da SQLite, ya fi dacewa.