Darasi Na 14: Ɗa Ya Komo Daga Makaranta

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan gida ne. Da yawa cikinku kun sayar da hatsi, kun sayar da akuya, kun biya wa 'ya'yanku kuɗin makaranta. Yau ga shi sun gama, sun ɗauko akwatinsu sun komo. To, yaya za a zauna?

Da fari mu san abin da yaron ya yi a can. Wanda ya shiga jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya wadda aka buɗe a 1962, yakan yi shekara 4 kafin ya sami digiri. Mai koyon likita yakan yi 6. Mai koyon aikin malanta a kwaleji yakan yi 3. Tun 1973 kuma akwai doka, mai digiri zai yi wa ƙasa hidima shekara 1, yawanci a jihar da ba tasa ba. Kafin a kira shi yakan zauna gida. In ya gama hidimar ya sake komowa, yana jiran aiki. Aiki kuwa ba ya zuwa ranar da aka so.

Makon fari murna ake yi. A yanka kaza, dangi su zo barka. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, zama zai yi. Uwar gida ta ƙara awo. Ƙanne su matsa su ba shi wurin kwana. Sannu-sannu maƙwabta su soma tambaya, wai har yanzu bai sami aiki ba? Daga nan ran mai gida yakan soma ɓaci.

Kuskure 2 iyaye sukan yi. Na fari, su ɗauke shi yaro kamar ranar da ya tafi, su riƙa yi masa tsawa gaban ƙannensa, ko su yi masa gorin kuɗin da suka kashe. Gori ba ya kawo aiki, sai dai ya kori ɗa daga gida. Na biyu, su ɗauke shi ya fi ƙarfin fartanya. Kowa ya tafi gona, shi yana gindin bishiya da waya a hannu. Ƙanne suna gani, gobe su ma su ƙi.

Ga abin da ya fi. Bayan tuwon dare ka kira shi zaure, ku biyu kawai. Ka tambaye shi abin da ya koyo da abin da yake nufin yi. Ka saurara har ya gama. Sa'an nan ka ba shi aiki nasa na kansa. Ya riƙe littafin gona: buhun taki nawa aka saya, nawa aka biya 'yan ƙodago, dami nawa aka samu. Da haka za ka san ko gonar ta ci riba. In mace ce ta komo, uwa ta yi mata haka. Ta rubuta kuɗin gyaɗa, da na mai, da na ƙuli-ƙuli, da zubin adashi. Maganar aurenta da aikinta kuma a yi shawara da ita, gama ba yarinya ba ce yanzu.

Komowa gida ba faɗuwa ba ce. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi ya koyar da yara. A 1957 shi ya zama Firayim Minista.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. A wani aji da nake dubawa, wani dattijo ya daina zuwa. Na aika a tambaye shi. Ya ce ɗansa ya komo, ya sami mai karanta masa, me zai yi da allo? Bayan 'yan watanni aka kira ɗan hidimar ƙasa, ya tafi kudu. Ran nan ya aiko wa uban saƙo a waya, maganar yarinyar da yake so ya aura. Dattijo ya kai wa wani a kasuwa ya karanta masa. Kafin la'asar gari duk ya ji, har iyayen yarinyar, tun ba a je musu ba. Mako na gaba dattijon ya komo aji, ya zauna a gaba.

Karatun ɗanka nasa ne, da shi zai tafi. Naka shi ne wanda ka koya. Muddin yana gida, ka ce ya zauna da kai kowane dare ku bi darasi. Ba kunya ba ce. Kai ka koya masa riƙon fartanya, shi ya gyara maka riƙon alkalami.

Sababbin kalmomi: jami'a, digiri, kwaleji, hidima, gori.

Tambayoyi:
1. Shekara nawa mai digiri yake yi wa ƙasa hidima?
2. Wane kuskure 2 iyaye sukan yi?
3. Me ya sa dattijon ya komo aji?

Aiki: Rubuta sunayen 'ya'yanka, da ajin da kowa yake.