Darasi na Goma Sha Biyu: Ɗalibai Masu Ƙirƙira

A. KARATU

Ku karanta wannan bayani sau biyu. Da farko kowa ya karanta a zuci, sa'an nan a karanta a bayyane, sakin layi bayan sakin layi.

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'anar wannan karin magana ita ce, wanda yake zaune cikin matsala ya fi kowa sanin ciwonta. A cikin wannan darasi za mu ga yadda wasu ɗaliban sakandare a Nijeriya suka dubi matsalolin garuruwansu, suka yi ƙoƙarin samo musu magani tun suna sanye da kayan makaranta.

Bari mu fara da birnin Onitsha na jihar Anambra, wanda Hausawa suke kira Anacha. A bakin gadar kogin Neja da ke wannan birni akwai babbar kasuwar magunguna, inda 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan suke zuwa sari. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne, amma an daɗe ana samun marasa tausayi da suke cusa jabun magunguna cikin na gaske. Jabun magani ya fi rashin magani muni. Wanda bai sha magani ba ya san bai sha ba, zai tashi ya nema. Wanda kuwa ya sha na jabu, sai ya kwanta yana jiran sauƙi, alhali cutar tana ci gaba da cin jikinsa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, ɗaya cikin kowane magunguna goma ko dai jabu ne ko kuwa ba shi da inganci.

Manya sun yaƙi wannan annoba. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta rasa ƙanwarta saboda jabun maganin ciwon sukari. A zamaninta aka ƙona tarin jabun magunguna a bainar jama'a, kuma a 2007 aka rufe kasuwar ta Anacha na wasu watanni. Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba.

A shekarar 2018 sai wasu 'yan mata biyar na makarantar sakandare ta Regina Pacis da ke Anacha suka shiga wannan yaƙi. Ba su da bindiga, ba su da ikon rufe kasuwa. Abin da suke da shi kawai shi ne kwamfuta, da malamar da take yi musu jagora, da tambaya guda: yaya mai sayen magani zai gane na gaske kafin ya biya kuɗi? Sun koyi yadda ake haɗa manhajar wayar salula, suka ƙirƙiro wata suka sa mata suna FD-Detector. Manhajar tana karanta lambar nan mai zane-zanen layuka da ke jikin kwalin magani, sai ta nuna ko maganin na gaske ne, da kuma ranar da zai lalace.

A watan Agusta na wannan shekara suka tafi jihar Kalifoniya ta Amurka domin gasar Technovation, gasar da ake shirya wa 'yan mata daga ƙasashen duniya. Can suka kara da takwarorinsu na wasu ƙasashe, suka zo na ɗaya a rukunin ƙananan ɗalibai. Ba su ne na farko ba. A 2015 wasu 'yan mata daga Kalaba sun lashe wannan gasa da manhajar Discardious, wadda take haɗa masu gida da masu kwashe shara.

A ganina, abin koyi a wajen 'yan matan Anacha ba lambar yabon ba ce. Abin koyi shi ne sun zaɓi matsalar da ke ƙofar gidansu. Amma ku lura, manhaja irin wannan ba ta aiki ita kaɗai. Dole kamfanonin magani su ba da sahihin bayanin kayansu, dole mai saye ya mallaki wayar zamani, kuma ɓarawon da ya iya kwaikwayon magani yana iya kwaikwayon kwalinsa. Kowace ƙirƙira tana da iyakarta, kuma mai ƙirƙira na gari yakan nemi wannan iyaka da kansa kafin wani ya nuna masa.

Wannan batu na iyaka zai kai mu Legas, shekara shida kafin nasarar Anacha. A can matsalar ta wutar lantarki ce. Saboda yawan ɗauke wuta, gidaje da yawa sun dogara da janareta. Janareta kuwa yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka kunna inji a cikin ɗaki ko a lungun da iska ba ta shiga, mutanen gida suna iya yin barcin da ba a tashi. Labaran irin wannan mutuwa ne suka tayar wa wasu ɗalibai mata huɗu hankali, 'yan shekara 14 zuwa 15.

A watan Nuwamba na 2012 suka kai wani inji bikin baje kolin ƙere-ƙere na Maker Faire Africa da aka yi a Legas. Abin da ya ba mutane mamaki, ya kuma ba wasu dariya, shi ne injin da fitsari yake aiki. Ga yadda suka tsara shi. Ana zuba fitsari a cikin wani mazubi, a ratsa shi da lantarki domin a ware iskar haidurojin. Iskar takan bi ta cikin ruwa a tace ta, a tara ta a tukunyar gas, a busar da danshin da ke cikinta, sa'an nan a tura ta cikin janareta a madadin fetur. An ba da labarin cewa lita ɗaya ta fitsari tana iya ba da wuta ta awa 6.

Labarin ya zagaya duniya, kuma nan take masana kimiyya suka yi tambaya mai nauyi: daga ina lantarkin farko zai fito, wanda za a ware iskar da shi? Dokar kimiyya ce cewa ƙarfin da za ka samu daga inji ba ya wuce wanda ya shiga cikinsa, kuma a kowane mataki akan yi asarar wani abu ta hanyar zafi. Idan injin ya ci wuta fiye da wadda yake bayarwa, to, an yi cinikin biri a sama ke nan. Ban da haka, haidurojin iska ce mai saurin kama wuta, ajiye ta a gida sai da taka-tsantsan.

Shin wannan yana nufin 'yan matan sun yi aikin banza? Ko kusa. Manyan masu bincike a jami'o'i ma suna nazarin fitar da haidurojin daga fitsari. Tambayar masanan dai tana nan, kuma ba a amsa ta da tafi ko da hoto a jarida. Ana amsa ta ne da awo: nawa ya shiga, nawa ya fita.

B. MA'ANAR KALMOMI

ƙirƙira: samar da sabon abu wanda babu shi a da
jabu: abin da aka kwaikwaya, ba na gaske ba
sari: sayen kaya da yawa domin a sayar
annoba: cuta ko masifa da ta game jama'a
takwara: wanda kuke matsayi ɗaya ko suna ɗaya da shi
sahihi: na gaskiya, wanda babu shakka a kansa
cinikin biri a sama: cinikin abin da bai zo hannu ba
taka-tsantsan: yin abu a hankali domin gudun haɗari

C. TAMBAYOYI

1. Me ya sa marubuci ya ce jabun magani ya fi rashin magani muni?
2. Wace hukuma Farfesa Dora Akunyili ta shugabanta, kuma a waɗanne shekaru?
3. Kawo abubuwa biyu da za su iya hana manhajar FD-Detector yin aiki sosai.
4. Me ya sa iskar kabon monoksaid take da wuyar ganewa?
5. Wace tambaya masana suka yi game da injin ɗaliban Legas? A ganinka ta dace? Kawo dalili.

D. NAHAWU: SUN DA SUKA

Dukansu suna nuna aikin da ya shuɗe. Ana amfani da "sun" wajen faɗin labari kai tsaye: Sun koyi haɗa manhaja. Ana amfani da "suka" idan ayyuka sun biyo juna, ko bayan kalmar tambaya, ko bayan "da" da "waɗanda": Suka tafi, suka kara, suka zo na ɗaya. Me suka ƙirƙiro?

Cike gurbi da "sun" ko "suka":

1. Ɗalibai ______ gama aikinsu.
2. Yaushe ______ tafi Amurka?
3. 'Yan matan da ______ lashe gasa ______ dawo gida.
4. A Legas ______ baje kolin injinsu.

E. AIKI

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Kowane rukuni ya zagaya makaranta ko unguwa, ya zaɓi matsala ɗaya da ya gani da idonsa, kamar toshewar magudanar ruwa ko hayaƙin murhu. Ku rubuta jimloli goma da Hausa: mece ce matsalar, wa take cutarwa, wace dabara kuka kawo, nawa za ta ci, kuma ta yaya za a gwada ta a tabbatar tana aiki. A darasi na gaba kowane rukuni zai karanta nasa, sauran ɗalibai su yi masa tambayoyi.