Amsoshin Tambayoyinku: Ɗumama Dabbar da Sanyi Ya Galabaitar

Wani mai sauraro da ke aiki a shagon sayar da tsuntsaye da ƙananan dabbobi ya nemi sanin yadda ake ceto dabbar da sanyi ya kama. Matsalar ita ce faɗuwar zafin jiki ƙasa da abin da gaɓoɓi ke buƙata, kuma tsuntsu, wanda ɗuminsa ke tsakanin digiri 40 da 42 a ma'aunin Salshiyos, yakan nuna ta idan ya kumbura gashinsa ya takure. Ana ɗumama irin wannan dabba a hankali, da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe ɗaya na kejin, domin ta iya matsawa idan zafi ya yi mata yawa, tun da fatar mai rauni tana saurin ƙonewa.

Kuskure mafi muni, wanda tausayi ne ke jawo shi, shi ne ɗura wa jaririn kyanwa ko ɗan kwikwiyo madara kafin jikinsa ya ɗumama, alhali cikinsa ba ya narka abinci a wannan hali, kuma madarar tana iya sarƙe shi ta shiga huhu. Idan dabbar ba ta farfaɗo ba, wajibi ne a garzaya da ita wurin likitan dabbobi.