Mai Bishara a Ƙofar Gida

Karatu: Luka 10:1-9

Ɗan'uwa, in ka taɓa ɗaure Littafi Mai Tsarki a bayan keke ka bar Dayi da asuba, ka san yadda abin yake. Kan kwalta zuwa Malumfashi, waƙa kake yi. Da ka ratse cikin gonakin dawa da auduga wajen Kafur, yashi ya riƙe taya, ƙaya ta huda ta. Rana ta uku gorarka ta bushe, ga ka a ƙofar gidan da ka zo yi wa wa'azi, kana roƙon ruwa.

Dubi aya 4 da ta 7. Da gangan Yesu ya hana su ɗaukar jaka, ya umarce su su ci abin da aka ba su. Mu kuwa mun fi son mu iso da lasifika, mu juya kafin duhu. Amma manomin da ya shimfiɗa maka tabarma, ɗansa ya yi maka faci, shi zai zauna ya saurare ka, gama ka riga ka sha furarsa.

Addu'a: Ya Uba, cikin sunan Yesu, ka karya girman kaina, in karɓi ruwa daga hannun wanda ka aike ni gare shi. Amin.