Nazari: Dokar Hayaƙin Manyan Motoci da Aljihun Masu Su a Kasuwar Litinin

Duk wanda ya yi sammako zuwa Kasuwar Litinin ta Maiduguri zai tarar da manyan motoci sun riga shi, wasu ana sauke musu shinkafa da sukari da atamfofi daga Kano, wasu kuma ana yi musu lodin kayan da za su nufi Gamboru Ngala ko Banki ko Damasak. Layin dogo ya iso Maiduguri tun 1964, amma an daɗe rabon da jirgin ƙasa ya kawo kaya garin. Saboda haka kusan duk abin da ake sayarwa a wannan kasuwa a bayan mota mai shan man gas, watau dizal, ya zo. Wannan ne dalilin da ya sa dokar hayaƙin mota, wadda ake gani kamar zancen ma'aikatan muhalli ne a Abuja, ta shafi mai mota da ɗan kasuwa da mai cefane a Borno.

Dokar kanta ba sabuwa ba ce. Bayan abin da ya faru a garin Koko a 1988, lokacin da aka jibge sharar guba daga Italiya, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idar da ta shafi hayaƙin injunan fetur da na gas. Daga baya, a watan Fabrairu na 2020, ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince cewa motar da za a shigo da ita yankin ta cika ma'aunin da ake kira Euro 4, babbar mota kada ta wuce shekara 10 da ƙerawa, an kuma ba ƙasashe wa'adin shekaru su kai ga hakan.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da wannan ma'auni. Ƙasashen Turai sun fara ƙayyade hayaƙin manyan motoci da Euro 1 a 1992, suka yi ta tsaurarawa mataki-mataki: Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 kuma daga 2013. Abubuwa biyu ake yaƙa a hayaƙin gas. Na farko shi ne ƙunƙunniya, baƙin nan da ido ke gani, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke shiga can cikin huhu. Na biyu wata iska ce da ba a gani, wadda ke samuwa idan inji ya ƙona mai da zafi sosai, tana kuma tayar da ciwon asma da tari. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. A bakin kasuwa kuwa, waɗanda suka fi shaƙarsa su ne 'yan dako da yaran mota da mata masu sayar da abinci a gefen titi, watau waɗanda ba su da mota ko kaɗan.

To, ta yaya masu ƙera mota suka rage wannan hayaƙi? Sun sanya na'urori a hanyar salansa. Akwai mataci mai kama ƙunƙunniya, wanda lokaci-lokaci yake ƙone abin da ya tara. Akwai kuma wani ƙaramin tanki na ruwan da ake kira AdBlue, wanda haɗin sinadarin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin hayaƙi sai ya mayar da mugunyar iskar nan ta zama marar lahani. Mota takan sha wajen lita 5 na wannan ruwa a kan kowace lita 100 ta gas. Duka wannan aiki wata kwamfuta ce a cikin motar take kula da shi, wadda za a iya kira ƙwaƙwalwar mota.

A nan ne matsalar mai mota a Maiduguri ta fara, domin waɗannan na'urori ba sa jure man da farar wuta ta yi wa yawa. Ana auna farar wuta a mai da kashi cikin miliyan. Shekara da shekaru ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, watau kilo 3 a cikin tan guda na mai. Motar Euro 4 tana bukatar kada a wuce kashi 50, watau giram 50 kacal a tan guda, Euro 6 kuwa kashi 10, wanda shi ne ma'aunin Turai tun 2009. Bambancin 3,000 da 50 ninki 60 ne. Idan aka ɗura wa sabuwar mota mai irin na da, farar wuta za ta lalata sinadaran da ke cikin salansar, mataci ya toshe, inji ya fara shan wahala.

Gwamnatoci sun san da haka. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta wallafa rahoto kan yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa man da ba zai sayu a ƙasashensu ba su kawo Afirka ta Yamma. A watan Disamba na shekarar, a Abuja, Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin komawa kashi 50. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin Yuli 2017, wa'adin ya wuce ba a cika ba. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sake ɗaukar wannan ma'auni, matatar Dangote kuma ta fara sayar da gas a 2024, shekarar da aka yi ta musayar yawu a bainar jama'a tsakanin matatar da hukumar kula da harkar mai a kan wane man ne ya fi farar wuta. An samu ci gaba, babu shakka. Amma man da aka auna a Legas daban, wanda direba zai saya a jarka a bakin hanya daban, musamman inda wasu ke gauraya shi da kananzir.

Yanzu sai a duba lissafin mai mota ɗaya ko biyu, wanda irinsa ne suka fi yawa a wannan sana'a. Tsohuwar Marsandi 911 ko tsohuwar DAF tana hayaƙi, amma tana shan duk man da aka ba ta, kuma kowane bakanike a gareji ya san cikinta. Idan ta lalace a Potiskum, a Potiskum za a gyara ta. Sabuwar mota kuwa, ban da tsadarta a lokacin da darajar Naira ta faɗi tun 2023, tana bukatar mai gyara da kwamfuta, tana bukatar AdBlue wanda ba kowane gidan mai ke da shi ba, wanda kuma zafi ke rage masa ƙarfi idan ya daɗe a ajiye. Maiduguri kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40. Abin da ya fi tayar wa direbobi hankali shi ne, idan ruwan ya ƙare ko na'ura ta samu tangarɗa, ƙwaƙwalwar motar da kanta take rage ƙarfin inji, mota ta koma tafiyar hawainiya. A Turai wannan ɓata lokaci ne kawai. A hanyar Damaturu zuwa Maiduguri kuwa magana ce ta rai, domin ba a manta da daren Fabrairu 2020 ba, lokacin da aka kashe matafiya kimanin 30 a Auno bayan dare ya yi musu a wajen gari an rufe ƙofar shiga.

Don haka ba abin mamaki ba ne yadda da yawa daga cikin motocin da aka shigo da su daga Turai ake cire musu waɗannan na'urori tun kafin su yi lodin farko. Mai motar ya biya kuɗin fasahar da ba zai mora ba, ya sake biyan bakanike ya cire ta, motar kuma ta koma fitar da hayaƙi irin na shekarun baya ko da takardarta ta ce Euro 5. A ganinmu wannan ita ce hasarar da ta fi kowacce, domin babu wanda ya amfana.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ya keɓanta da Borno. Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS, Nijar kuma ta fice a Janairu 2025. Ke nan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kasuwar Litinin da Kuseri da Njamena da Diffa suna ratsa ƙasashen da yarjejeniyar Wagadugu ba ta ɗaure su ba. Idan aka matsa wa mai motar Maiduguri shi kaɗai, lodin zai koma hannun wanda ya yi rajistar motarsa a tsallake.

Sai dai kuma ba daidai ba ne masu motoci su fake da wannan su ce babu abin da za su iya yi. Baƙin hayaƙi man gas ne da bai ƙone ba, watau kuɗi ne ke fita ta salansa. An cire tallafi daga gas tun zamanin Shugaba Obasanjo, litarsa kuma ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2023, har ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta dakatar da dakon mai na ɗan lokaci a Fabrairu 2024 saboda tsadar aiki. Abubuwan da ke kawo baƙin hayaƙi sanannu ne: matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe, nozul da ya cinye, famfon mai da aka buɗe fiye da kima don mota ta ja, da kuma lodin da ya wuce ƙarfin inji. Uku na farko gyaransu bai kai kuɗin man da ake hasara a 'yan tafiye-tafiye ba. Na huɗun ne mai wuya, domin ɗan kasuwa yana son buhunsa ya iso da araha, mai mota kuma yana son ya fanshe kuɗin hanya.

Wannan ya kawo mu ga yadda za a aiwatar da doka. A 2023 NESREA ta ƙaddamar da shirin gwajin hayaƙin motoci da na janareto na ƙasa. Idan gwajin ya kasance a cibiya, da na'ura, sau ɗaya a shekara, aka ba mai mota wa'adin gyara, zai iya sa shi cikin lissafinsa. Idan kuwa ya zama ƙarin shinge a hanya da ƙarin rasit, to kuɗin zai hau kan kowane buhu, hayaƙin kuma yana nan. 'Yan Kasuwar Litinin da suka ga gobarar 26 ga Fabrairu 2023, suka sake ganin ambaliyar madatsar Alau a Satumba 2024, jarinsu bai kai ya ɗauki wani sabon nauyi ba.

Wata hanyar da manyan kamfanoni suka kama ita ce motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda hayaƙinta ba shi da ƙunƙunniya sosai. A 2025 kamfanin Dangote ya ba da sanarwar sayo irin waɗannan motoci 4,000 domin rarraba mai. Kamfani mai irin wannan ƙarfi yana iya gina wa kansa wuraren ɗura iskar. Mai tirela ɗaya kuwa dole ya jira har sai an samu irin waɗannan wurare a tsawon kilomita kusan 600 da ke tsakanin Kano da Maiduguri kafin ya yi tunanin sayar da tsohuwar motarsa.