Iya Ruwa Fid da Kai: Ɗan Tsere da Koyon Iyo Domin Gasar Wasanni Uku

1.0 Gabatarwa

Gasar wasanni uku ta haɗa iyo da tseren keke da gudu, ɗaya bayan ɗaya ba hutawa. A irin sigar da aka san ta yanzu, an fara ta ne a birnin San Diyego na Amurka cikin 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidini cikin 2000. Tsarin Olamfik shi ne iyon kilomita 1.5, keke kilomita 40, sannan gudun kilomita 10. A gasar Ironman kuwa, wadda aka soma a Hawayi cikin 1978, iyon ya kusa kilomita 4, kuma wanda bai fito daga ruwa cikin awa 2 da minti 20 ba, ba a barinsa ya hau keke. Ke nan gwanin gudu yana iya faɗuwa tun bai taka ƙasa ba. Wannan maƙala za ta duba dalilan haka da hanyar gyara.

2.0 Matsalolin Ɗan Tsere a Ruwa

Salon da ake kira firistayil ya ba mai iyo damar zaɓen yadda ya so, amma galibi akan zaɓi iyon rub-da-ciki, ana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, domin ya fi sauri. A nan ɗan tsere yakan gamu da matsaloli uku.

Ta farko ita ce numfashi. A tudu mutum yana shaƙar iska yadda ya ga dama. A ruwa sai lokacin da baki ya leƙo. Sabon shiga yakan riƙe numfashi, ya so ya fitar ya kuma shaƙa cikin ƙiftawar ido, sai ya galabaita tun bai cika mita 50 ba, alhali huhunsa lafiya lau.

Ta biyu nitsewar ƙafafu. Tsoka da ƙashi sun fi kitse nauyi a ruwa, ɗan tsere kuwa ba shi da kitse da yawa. Idan ya ɗaga kai, ƙugu sai ya yi ƙasa kamar sikeli. Tun da ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, jikin da ya karkace tamkar birki ne.

Ta uku taurin idon sawu. Gudu yana saba wa ƙafa lanƙwashewa sama, iyo kuwa yana bukatar yatsu su miƙe baya. Ƙafar da ta ƙi miƙewa jan ruwa take yi, ba tura shi ba.

3.0 Hanyar Gyara

Wajibi ne a fara da numfashi: a fitar da iska a hankali ta hanci da baki yayin da fuska ke cikin ruwa, sannan a juya kai gefe tare da jiki a shaƙa. Bayan haka a saba da duban ƙasan ruwa, a ɗan danna ƙirji, ƙugu zai taso da kansa. Bugun ƙafa daga ƙugu yake tasowa, ba daga gwiwa ba, kuma ya zama ƙarami. Hannuwa ne ke yin mafi yawan aikin, ƙafafu kuwa a tanade su domin keke da gudu. Zama a kan dugadugai da yatsu a miƙe baya yana sassauta idon sawu.

Ɗan tsere ya saba ƙara nisa, amma a nan ba zai fisshe shi ba, domin dogon iyo cikin gajiya kuskure yake kafawa. Gara mita 25 sau da yawa tare da hutu, kwana uku ko huɗu a mako, ana ƙirga jefa hannu. In adadin ya ragu lokaci bai ƙaru ba, gwaninta ta fara zuwa. Daga nan a riƙa haɗawa har a kai mita 1,500, wato tsawon kwamin mita 50 sau 30. Gab da gwaji a gwada tafki ko teku, inda babu layi a ƙasa, a koyi leƙen alama. Kada a kuskura a shiga irin wannan ruwa ba tare da mai tsaro ba.

4.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin zuciya da huhu jari ne, amma ba shi ke fid da ɗan tsere daga ruwa ba. Abin da ke fisshe shi shi ne numfashi mai tsari, jiki a shimfiɗe, da haƙurin komawa ɗan koyo. Wanda ya fito cikin lokaci da sauran ƙarfinsa, shi ne ya iya ruwa.