Yadda Ake Tsara Kantocin Noman Latas a Cikin Ɗaki

Masu bidiyo a intanet sun cusa wa mutane cewa noman hawa-hawa jera kanta ne kawai, wai ko wane ƙarin hawa ƙarin riba ne. Da haka ne, da kamfanin AeroFarms na Amurka bai nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi a 2023 ba, da kamfanin Bowery bai rufe a 2024 ba. Kamfanin Spread kuwa ya fara noman latas a cikin gini a Kameoka ta Japan tun 2007. Wanda zai kafa irin wannan gona, ko da ɗaki ɗaya ce, lissafinsa na farko shi ne wuta da iska da inda hannu zai kai.

A fara da auna ɗakin, musamman daga ƙasa zuwa silin. A bar kamar rabin mita a sama don zafi ya sami wurin taruwa.

Zurfin kanta kada ya wuce santimita 60 idan ta gefe ɗaya za a shiga, don nan ne iyakar miƙar hannu. Tire mai tsawon 120 da faɗin 60 ya isa. Kafin a je wurin mai walda, a yi lissafin nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ruwa mai zurfin santimita 10 a wannan tiren kilo 72 ne, hawa biyar kilo 360. Kantar shago ba za ta ɗauka ba. A sa ƙarfe mai kauri wanda aka yi wa rigakafin tsatsa, a ɗaure shi da bango. Mai son sauƙi ya yi da kwatar roba wadda ruwa ke bi siriri a ƙarƙashin saiwa, a ɗan karkata ta santimita ɗaya cikin ko wane 30 zuwa 40, ruwan ya riƙa gudu lita ɗaya zuwa biyu a minti.

Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita ce inda aka fi yin asara. Mai gona yana ganin ya rage santimita biyar nan, biyar can, ya sami hawa na shida, sai ya ɗauka ya ci riba. Bayan mako uku sai bakin ƙananan ganyen da ke tsakiyar latas ya fara ƙonewa. Da yawa sai su ruga su ƙara sinadarin kalsiyam a tankin ruwa, alhali kalsiyam ɗin yana cikin ruwan. Abin da ke faruwa shi ne, kalsiyam yana hawa jikin shuka ne tare da ruwan da ganye ke fitarwa. Idan iska ta tsaya cik, laima ta cika tsakanin kantoci, ganyen tsakiya ba ya fitar da ruwa, kalsiyam ba ya isa gare shi.

Saboda haka a bar santimita 40 zuwa 45 daga tire zuwa tiren sama: tsayin latas da ya isa cira, da ratar kamar taƙi ɗaya zuwa fitila, da kaurin fitilar kanta. Ko wane hawa ya sami ƙaramar fankarsa, iska tana tafiya kamar mita 0.3 zuwa 0.5 a daƙiƙa. Ba sai an sayi na'urar awo ba. A rataya siririyar takarda a tsakiyar kantar, idan ba ta motsi a hankali, iska ba ta kai wurin. Babbar fanka ɗaya a ƙuryar ɗaki ganyen baki-baki kawai take kaɗawa.

Fitila a sayi LED dogaye, farare, masu jure laima; masu launin shunayya suna ɓoye cutar ganye daga ido. Latas na son wat 80 zuwa 100 a ko wace murabba'in mita, awa 16 a rana. Kanta mai hawa biyar za ta sha kusan yunit biyar kullum, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. Latas kuwa digiri 18 zuwa 24 yake so. A Kano ko Maradi, inda bazara ke haura 40, kuɗin sanyaya ɗaki da sola zai iya zarce na ƙarfe da fitilu, don haka a fara da kanta ɗaya. A kuma fitar da akwatunan wutar fitilun waje da ɗakin, zafi ya ragu.

Wurin da ake samun fili na gaske shi ne dashe. Tsiro ɗan mako biyu bai fi yatsa ba, amma ana dasa shi a ramin da ke da tazarar santimita 20, fitila ta yi ta haska roba. A ware hawa ɗaya na reno inda tsiro ke cunkushe, a mai da su tire mai tazarar santimita 8 zuwa 10, sai kwana goma zuwa sha huɗu na ƙarshe su koma mai faɗi. Aiki ne, amma ɗaki ɗaya zai fitar da latas fiye da yadda hawa na shida zai bayar.

Hanya tsakanin kantoci a bar mata santimita 80, yadda mai ɗauke da tire zai juya. Manyan gonaki suna ɗora kantocin a kan dogo su riƙa zamewa, hanya ɗaya ta wadatar da layi da yawa. A ƙaramin ɗaki tayoyi masu birki da mesa mai lanƙwasuwa sun isa. Tanki ya zauna a ƙasa, a rufe shi daga haske don gansakuka, ko wane hawa kuma da bawul ɗinsa, yadda za a wanke ɗaya ba tare da an kashe famfo ba.